Wa Ya Ga Wata? Tarihin Tantance Lokaci Daga Bayan Garin Gwarzo Zuwa Kwamfutocin Duniya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwarzo ko Kabo ya san yammacin ranar 29 ga Azumi. Tun la'asar sakaliya ake ta ɗaga kai sama. Da ladan ya kira magariba, a kurɓi kunu a tsaitsaye, a yi salla, sai a yi bayan gari, inda gonaki suka buɗe babu katanga babu dogon gini. Idan da rani ne an riga an kwashe kara, sai kuka da ɗorawa tsaye nesa-nesa, jan faɗuwar rana yana dusashewa ta wajen ƙasar Katsina. Yara ne a gaba saboda kaifin ido, dattawa a baya riƙe da carbi. Can sai wani saurayi ya miƙa hannu: "Ga shi can! Saman kukar nan, dama kaɗan!"

Tsakanin wannan ihu da sanarwar da za a ji a rediyo daga Sakkwato akwai doguwar hanya. Za a kai saurayin gaban mai unguwa, a wuce wajen dagaci, liman yana zaune a gefe.

"Ɗan nan, kai ka gan shi da idonka ko nuna maka aka yi?"

"Allah gafarta malam, ni na fara ganinsa."

"Kafin a idar da salla ko bayan an idar? Ƙahonsa ina suka duba? Tsakaninsa da ƙasa kamar gaba nawa? Wa da wa ke tsaye kusa da kai?"

Ba wulaƙanci ba ne. Liman ya san cewa kalmar yaron nan za ta iya sauke azumin mutanen da ba su taɓa jin sunan ƙauyensu ba. Lokacin da jama'a za su yi aiki da shi shaida ce, shaida kuwa sai an tace ta. Wannan tacewa tana da tarihi mai tsawo, kuma abin mamaki, masu haɗa kwamfutoci a ƙarshen ƙarni na 20 sun faɗa cikin irin wannan matsala, suka fita ta ƙofofin da ba su da nisa da namu.

Matsalar ta bayyana tun a Madina. Hadisi ya zo da labarin wasu matafiya da suka iso gari da rana ta yi nisa, mutane suna azumi, suka shaida cewa jiya sun ga wata a hanya. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a sha ruwa, a fita idi washegari. Shaidar gaskiya ce, amma ta makara a hanya. Bayan haka ga labarin Kuraibu a Sahihu Muslim: ya ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, ya dawo Madina a ƙarshen wata, ya tarar su daren Asabar suka gani. Abdullahi ɗan Abbas bai sauya lissafin Madina ba. Garuruwa biyu, kowanne da gaskiyarsa, nisa ya raba su. A zamanin Sayyadina Umar kuma aka ruwaito an kawo masa takardar bashi da aka rubuta cewa za a biya a Sha'aban. Ya tambaya wane Sha'aban ɗin, na bara, na bana ko na baɗi? Irin wannan ruɗani ne ya sa sahabbai suka zauna, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, suka tsayar da Hijira a matsayin tushen ƙirga shekaru. Ga cututtuka uku ke nan tun da fari: saƙo ya makara, wurare su rabu, ko a rubuta lokaci ba tare da an yarda da inda aka fara ƙirge ba.

Ta huɗu ita ce ƙarya, kuma malaman hadisi ne suka ƙera mata makami. Suka riƙa tattara shekarun haihuwa da na rasuwar maruwaita, ta yadda idan mutum ya ce ya ji daga bakin wani shehi, sai a duba ko an haife shi kafin shehin ya rasu. A Bagadaza, shekara ta 447 bayan Hijira, aka kai wa wazirin halifa wata tsohuwar takarda da ake cewa Annabi ne ya yafe wa mutanen Khaibara jiziya, ga sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Aka nuna wa malamin hadisi Alkhaɗibul Bagadadi. Bai tsaya duba tawada ko fata ba, sunayen shaidu ya bi. Akwai Mu'awiya, wanda ya musulunta a shekara ta 8, alhali an ci Khaibara a shekara ta 7. Akwai Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu tun shekara ta 5. Ɗaya bai iso ba, ɗaya ya riga ya tafi. Takardar ta mutu nan take. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman idan kwanan wata ne ya tare bakinsa.

Amma ba duk mai kuskure ne maƙaryaci ba. Ana ba da labarin cewa a Basra mutane sun fita duban wata, cikinsu akwai Anas ɗan Malik, ya tsufa ƙwarai. Ya ce ga wata can, kowa ya duba bai gani ba. Alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya ya lura da wani farin gashi da ya lanƙwaso daga girarsa, ya sa hannu ya shafe shi, ya ce a sake dubawa. Sai watan ya ɓace. Mutumin kirki ne, idonsa ne ya yaudare shi. Don haka fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Gwarzo, Getso, Garo da Godiya, bai dogara ga mutum ɗaya ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, malamin Misra na ƙarni na 14, wata yana tabbata da cikar kwana talatin, ko shaidar adilai biyu, ko ganin jama'a masu yawan da ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Sannan ya ƙara wani sharaɗi mai ban sha'awa: idan aka ɗauki azumi bisa shaidar mutum biyu, aka cika talatin, sama garau, amma ba a ga wata ba, to an ƙaryata shaidun nan. Wato shaidar da aka karɓa yau, sama za ta sake yi mata hukunci bayan wata guda.

Da wannan ilmi ƙasar Kano ta rayu ɗaruruwan shekaru babu agogo. Yini yana da sunayensa: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Ladan yakan tsaya a rana ya auna inuwarsa da taki don ya san azahar ta shiga. Mai sahur yana duban Gamzaki, manomi yana lura da Kaza da 'Ya'yanta. Malaman Daular Usmaniyya kuma suna da nasu hatimin lokaci, wato ramzi. Kowane baƙin Larabci yana da adadi, sai mawallafi ya ƙulla kalmar da jimillar baƙaƙenta za ta ba da shekarar da ya gama aikin, ya dasa ta cikin baitin ƙarshe. Nana Asma'u ta yi haka a waƙoƙinta da dama. Hikimar ita ce mai kwafa zai iya zamewa a lamba, amma kalmar da ke zaune cikin baiti, kari da amsa-amo suna gadinta.

Abin da ba su da shi shi ne sauri. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano kimanin kilomita 70 ne, zango biyu ko uku ga mai jaki. A 1824 wani matafiyi Bature, Clapperton, ya bar Kano a ƙarshen Fabrairu, bai shiga Sakkwato ba sai tsakiyar Maris, inda ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san sunayen buruji da taurari da Larabci. Ilmin sama yana nan, amma babu yadda za a yi labarin ganin wata a Sakkwato ya iso Kabo kafin sahur. Kowace ƙasa da dubanta. Idan an gani a birni sai a buga bindiga, a sa ɗan aike bisa doki. Ƙauyen da saƙo ya riska da hantsi sai ya kame baki ya rama daga baya. Garuruwa biyu su yi Salla a ranaku daban, ba wanda zai ce an yi rigima. Nisa ne, kamar na Sham da Madina.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, kuma cikin 'yan shekaru suka sa hakimai su bar birni su tare a gundumominsu, Gwarzo ta zama mazaunin hakimi. Silsilar mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki ta ƙara ƙarfi saboda haraji, labarin wata ma ya bi ta cikinta. Sai ga wayar tangaraho, sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Jirgi kuwa ba ya tafiya da inuwar ladan. Jirage biyu a kan dogo ɗaya dole su yarda da agogo ɗaya, in ba haka ba a yi karo. Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914 aka sa agogon Najeriya gaba da agogon GMT na Ingila da rabin awa, sannan ranar 1 ga Satumba 1919 aka mai da shi awa guda, yadda yake har yau.

Wannan agogo yarjejeniya ce kawai. An ɗaure shi a kan layin digiri 15 na gabas, layin da ko taɓa Najeriya bai yi ba. Gwarzo tana wajen digiri 8, kowane digiri kuwa minti 4 ne, shi ya sa idan agogo ya buga sha biyu a Gwarzo, rana tana da sauran kusan rabin awa kafin ta take tsaka. Mai azumi a Gwarzo yana shan ruwa bayan na birnin Kano da kamar minti biyu, na Sakkwato bayan na Maiduguri da kusan rabin awa. Tsofaffin ladanai da suka ƙi sakin duban rana bayan zuwan agogo suna da hujjarsu.

Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, wayar salula ta shigo a 2001. Nisan da ya raba garuruwa ya narke, sanarwa ɗaya tana isa Kutama da Legas a minti ɗaya. Sai dai hanyar da gaskiya ke bi da gudu, ita ƙarya ke bi. A da kuskuren mutum ɗaya yana tsayawa a ƙauyensa, yanzu yana iya ɗaukar ƙasa baki ɗaya. An yi shekarun da Najeriya ke riga yawancin ƙasashen Musulmi ɗaukar azumi, har wasu suka riƙa cewa su sai sun gani da idonsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gado a Nuwamban 2006, shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, kuma a zamaninsa aikin kwamitin duban wata na ƙasa ya fito fili, da malamai da masana falaki a ciki. Kafin kowace ranar 29 akan fitar da sanarwa cewa wanda ya gani ya kai wa hakimi ko dagaci mafi kusa, daga nan a miƙa sama.

Ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024 ta zama gwaji. Ita ce 29 ga Ramadan a Najeriya, kuma a ranar ce aka yi kusufin rana cikakke a Meziko, Amurka da Kanada. Kusufin rana ba ya faruwa sai wata ya shiga tsakanin rana da ƙasa, wato daidai lokacin da tsohon wata ya ƙare sabo bai rabu da rana ba. Haɗuwar ta auku wajen ƙarfe 7:21 na dare agogon Najeriya, alhali rana ta faɗi a Gwarzo tun wajen bakwai saura minti ashirin. Masu tsaye a bayan gari suna neman jinjirin da ba a haifa ba. Fadar Sarkin Musulmi ta ce ba a ga wata ba, aka cika talatin, aka yi Salla ranar Laraba 10 ga wata. A Nijar an karɓi shaidar gani, aka yi idi ranar Talata, wasu tsiraru a Sakkwato suka bi su. Tsohuwar muhawara ce ta dawo: Imam Subki, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1355, ya tafi a kan cewa idan lissafi tabbatacce ya nuna gani ba zai yiwu ba, a mayar da shaidar, malamai da yawa kuma suna ganin lissafi ba shi da hurumi a nan. Ko ta wane ɓangare mutum ya tsaya, tambayar ita ce ta Alkhaɗibu: shin abin da ake shaida a kai ya riga ya iso?

Yanzu mu leƙa wata duniyar. Kowace kwamfuta tana da ɗan agogonta a ciki, kuma ba biyun da ke tafiya daidai. Wannan ya yi gaba da daƙiƙa, wancan ya ja baya. Muddin kwamfuta tana aiki ita kaɗai, ba damuwa. Amma idan ɗaruruwa suna riƙe da kundi ɗaya na kuɗi, dole a san wanne ya riga wanne, shigar kuɗi ko fitarsa. A 1978 wani Ba'amurke, Leslie Lamport, ya nuna cewa a daina neman ainihin ƙarfe nawa, a riƙe abin da ba ya canzawa: ba a karɓar saƙo kafin a aiko shi, saboda haka lambar karɓa dole ta fi lambar aikawa. A 1982 shi da Robert Shostak da Marshall Pease suka kawo misalin sarakunan yaƙin Rumawa da suka kewaye gari, suna aika wa juna 'yan aike, alhali cikinsu akwai maciya amana. Suka tabbatar da lissafi cewa idan saƙon baka ne, ba za a daidaita ba sai masu gaskiya sun haura kashi biyu cikin uku. Don a rinjayi maƙaryaci ɗaya sai an zama huɗu. Kuma a lissafinsu ba a bambanta na'urar da ta lalace da wadda aka saya. Mai gashin gira a ido da mai shaidar zur duk kwando ɗaya ake sa su, tunda daga nesa ba a gane su. A 1985 David Mills ya fitar da tsarin da kwamfutocin intanet ke saita agogonsu da shi, inda na'ura kan tambayi majiya da yawa ta watsar da wadda ta yi hannun riga da saura.

Sai Bitcoin, wanda samarinmu 'yan kirifto suka fi sani. Wanda ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da bayaninsa ranar 31 ga Oktoba 2008, ya buɗe shafin farko na kundin ranar 3 ga Janairu 2009, kuma ya dasa kanun jaridar The Times ta Landan ta wannan rana a cikinsa, don kowa ya san ba a rubuta shi kafin ranar ba. Ramzi ke nan da sabuwar riga. A wannan tsari babu sarki babu alƙali. Duk kimanin minti goma wani daga cikin masu mainin, wato masu sa kwamfutoci aikin lissafi don samun lada, yakan kawo sabon shafi, ya buga masa lokaci da agogonsa. To wa zai hana shi ƙarya? Katanga biyu aka yi masa. Ta baya: a jera lokutan shafuka 11 da suka gabata daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na shida, na tsakiya, sabon shafi dole ya wuce shi. An zaɓi na tsakiya ne don ko mutum biyu ko uku sun rubuta shirme, ba za su iya jan sa ba. Ta gaba: kada ya wuce agogon mai karɓa da fiye da awa biyu. Abin da ya faɗa tsakani a karɓa, ko da bai yi daidai da agogon bango ba. Mu ma haka muke: wata ba ya kasa kwana 29, ba ya wuce 30. Wanda ya zo ranar 27 ya ce ya gani, ko rantsuwa ba za a ba shi ba.

Me ya sa ake wannan tsaro? Saboda duk bayan shafuka 2016, wato kimanin mako biyu, tsarin yana duba lokutan nan ya ga ko aiki ya yi sauri ko ya yi nawa, sai ya ƙara wahalar mainin ko ya rage. Wanda ya iya murɗa agogo ya iya murɗa wahalar. Haka ta faru da wani kuɗin da ake kira Verge a Afrilun 2018: wani ya riƙa buga lokutan ƙarya, tsarin ya zaci aiki ya tsaya, ya yi ta sassauta wahala, mutumin ya riƙa fitar da shafuka cikin daƙiƙoƙi yana kwasar lada. A watan Mayu aka sake yi musu. Kamfanin Google kuma ya bi wata hanya a tsarinsa na Spanner da ya bayyana a 2012. Agogonsa ba ya cewa ƙarfe kaza ne cif, sai ya ce lokaci yana tsakanin nan da nan, sannan na'urar ta dakata har ɗan shakkun ya wuce kafin ta rufe rubutu. Duk almajirin da ya karanta babin azumi ya san wannan: in sama ta rufe, a cika talatin.

Akwai inda hanyoyin suka rabu. Azumi ibada ne, hukuncinsa na shari'a ne, kuma muna da jagoran da idan ya yi magana an rufe babi. Bitcoin ya guji jagora da gangan, ya biya kuɗin gudun da wutar lantarki mai yawa da jinkiri. Amma ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya mai ɗaci: jama'a ta tashi tare a kan lokacin da ke cikin iyaka ya fi mata amfani a kan kowa ya riƙe nasa, ko da yana ganin nasa ya fi daidai.

Abin ya riga ya shigo kasuwa. Ka tsaya wajen mai POS a bakin tashar Gwarzo da yamma. Ga dattijo ya sayar da buhun masara, mai saye ya ce ya tura, yana nuna hoton rasit a wayarsa, ga ƙarfe 5:42 ɓaro-ɓaro. Yaron POS ɗin ko kallon hoton ba ya yi. "Baba, kada ka saki kayanka sai alat ya shigo ta wajenka. Hoto kowa ma ya iya haɗawa." Mai saye yana ta rantse-rantse, wataƙila ma gaskiyarsa ce, saƙon ne ya maƙale a hanya kamar matafiyan Madina. Dattijon ya gyara zama a kan buhunsa, ya ciro goro ya ɓare, ya ba mai sayen rabi.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Ba ƙaryata ka na yi ba. Kai kaɗai ka gani, bari na biyu ya zo."